Heinrich Barth (Abdulkarimu), 1821–1865: Bajamushen da Ya Ratso Sahara Zuwa Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A tarihin nazarin harshen Hausa da al'adunta akwai rukunin Turawan da ake kira masu binciken ƙasa, waɗanda suka shigo ƙasar Hausa tun kafin zuwan 'yan mulkin mallaka. Daga cikinsu babu wanda ya bar rubutu mai yawa da zurfi kamar na Heinrich Barth. Ya shigo ne ta arewa, ta hanyar da fataken Larabawa da Abzinawa suka daɗe suna bi da raƙuma, ya kuma fita ta wata hanyar ta arewan bayan shekara biyar da wata biyar. Manyan Turawa uku ne suka tashi daga Tarabulus a shekarar 1850, amma shi kaɗai ya koma gida da rai.

1.1 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Barth a birnin Hambug na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, wanda bai yi ƙyashin kashe dukiya a kan karatun ɗansa ba. A shekarar 1839 ya shiga Jami'ar Balin, inda ya karanta tarihi da labarin ƙasa da tsofaffin harsuna a wurin manyan malamai irin su Karl Ritter da August Böckh. Ya sami digirin dokta a 1844, da bincike a kan cinikayyar tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka. Tun daga nan ake iya gane inda hankalinsa ya karkata, wato kasuwanni da hanyoyin fatauci da yadda suke haɗa al'ummomi.

Daga 1845 zuwa 1847 ya kewaya ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, tun daga Maroko har Masar da Sham da Turkiyya da Girka. A wannan tafiya ya goge da Larabci, a cikinta kuma 'yan fashi suka tare shi kusa da iyakar Masar, suka ji masa rauni, suka kwashe masa kaya har da yawancin takardunsa. Da ya koma gida ya fara koyarwa a Jami'ar Balin, amma abin bai karɓe shi ba. Mutum ne mai ilimi ƙwarai, sai dai ba shi da sakin fuska, ba ya kuma iya jan hankalin ɗalibai, don haka ajinsa ya yi ta raguwa.

1.2 Hanyar Sahara, 1850

Ana cikin haka sai gwamnatin Ingila ta shirya aika James Richardson zuwa ƙasashen da ke kudu da Sahara. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, a kuma nemi hanyar kashe cinikin bayi. Richardson ba masanin kimiyya ba ne, saboda haka aka nemi Jamusawa biyu su raka shi, wato Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari. Barth ma sai da ya zuba fam 200 na kansa kafin a ɗauke shi. Ya zaɓar wa kansa sunan Abdulkarimu, da shi kuma aka san shi duk inda ya bi.

Ayarin ya bar Tarabulus a ƙarshen Maris, 1850. Cikin kayan da raƙuma suka ɗauko har da wani jirgin ruwa na katako da aka rarraba gida-gida, wanda aka nufa a haɗa shi a Tafkin Chadi. Wahala ta farko da suka gamu da ita ita ce Hamada al-Hamra, wani faƙo mai tsakuwa ja, wanda ake yin wajen kwana shida a kansa ba rijiya ba inuwa. A irin wannan wuri salka ita ce rai. Ana auna tafiya da nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya, madugu kuwa ba ya jiran wanda ya makara. Sun isa Murzuk, babban birnin Fezzan, a farkon Mayu, suka yi fiye da wata guda suna jiran Abzinawan da za su yi musu ja-gora.

Bayan sun bar Murzuk ne Barth ya ga zane-zanen shanu da wasu halittu a jikin duwatsun wani kwari. Ya kwafe su a littafinsa, ya kuma yi hasashen cewa ƙasar da aka taɓa kiwon shanu a cikinta ba za ta rasa ruwa da ciyawa a wancan zamani ba. Binciken da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa lallai Sahara ta taɓa zama ƙasa mai dausayi.

A tsakiyar Yuli, kusa da garin Gat, ya yi gangancin da ya kusa halaka shi. Akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda Abzinawa suka ɗauka mazaunin aljanu ne, ba mai kusantarsa. Sun hana shi, amma ya ƙi ji. Ya tashi shi kaɗai da 'yar salka da dabino da busasshen burodi, yana zaton zai tarar da rubuce-rubucen mutanen dā a kai. Dutsen ya fi yadda ido ya nuna masa nisa. Ya hau bai sami komai ba, ruwansa ya ƙare, da ya sauko kuma sai hanya ta ɓace masa. Ya harba bindiga ba wanda ya amsa. Ya kwana a gindin wata bishiya marar ganye, yana hangen wutar ayarinsu daga nesa amma ba shi da ƙarfin tashi. Washegari da rana ta take, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jijiyar hannunsa yana tsotsar jininsa. Da yamma wani Ba'abzine da ya bi sawunsa a kan raƙumi ya tsince shi, ya yayyafa masa ruwa a ka kafin ya ba shi ya sha. Abin lura shi ne mutanen da ya raina gargaɗinsu su ne suka cece shi, kuma daga ranar bai sake wasa da shawarar 'yan ƙasa a kan sha'anin hanya ba.

Daga Gat suka nufi duwatsun Abzin. A nan haɗarin ya tashi daga na ƙishirwa ya koma na mutane. Mahaya raƙuma suka riƙa bin ayarin a baya, suna sauka kusa da zangonsu da dare, suna zuga 'yan ayarin a kan Nasaran nan uku. A bakin iyakar Abzin aka kewaye su, aka ce ko su musulunta ko a kashe su. Sun ƙi, daga ƙarshe aka daidaita a kan dukiya, suka ba da kaso mai yawa na kayan da suka ɗauko don kyautar sarakuna. Wannan asara ita ce tushen talaucin da ya bi Barth har ƙarshen tafiyarsa. Wani abin mamaki kuma, mutanen da suka sha fama da rashin ruwa sai ga shi ruwa ya kusa cinye su, domin an yi ruwan sama a kan duwatsu, kwarin da suka sauka a ciki ya zama kogi cikin ɗan lokaci. A farkon Satumba suka isa Tintellust, garin Annur, wani dattijon shugaban Kel Owi, suka zauna a ƙarƙashin kariyarsa.

Zaman Abzin yana da muhimmanci ga ɗalibin Hausa, domin a nan ne Barth ya duƙufa ga koyon harshen. Ya tarar Kel Owi suna jin Hausa kamar harshensu, da ita ake ciniki, ita ce kuma harshen yawancin barori da bayin da ke cikin ayari. A Oktoba ya tafi Agadas ba tare da sauran Turawan ba, ya yi wajen mako uku, ya gana da Sarkin Abzin Abdulƙadiri, ya ga bikin naɗinsa, ya kuma bayyana hasumiyar masallacin garin da unguwannin da suka zama kufai. A Disamba suka bi ayarin gishirin Bilma zuwa kudu. Da suka iso Damargu a Janairun 1851 sai suka rabu, kowa ya kama hanyarsa bisa alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, Barth kuwa ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina.

1.3 Kano da Barno

A Katsina Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi 'yan kwanaki, sai da ya ƙara kyauta sannan aka sallame shi. Ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, a zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya shigo da bashi a wuyansa da zazzaɓi a jikinsa, aka sauke shi a unguwar Dala. Duk da haka, bayanin da ya bari a kan Kano yana cikin mafi daraja a duk littafinsa. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin da ayarori suke shigowa. Ya bi diddigin saƙa da rini da dukanci, ya nuna cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta abin da suke jawo wa ƙasar da wuri miliyan 300 a shekara. Abin da ya fi burge shi shi ne sana'ar a cikin gidaje ake yin ta, iyali ba sa watsewa dominta, saɓanin masaƙun Turai na zamaninsa. Bai kuma ɓoye cewa bayi suna cikin manyan hajojin kasuwar ba.

A kan hanyarsa ta zuwa Barno ya sami labarin rasuwar Richardson, wanda zazzaɓi ya kashe a Ngurutuwa a farkon Maris. Ya isa Kukawa a farkon Afrilu, Shehu Umar ɗan Muhammadu El-Kanemi da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi hannu bibbiyu. Kukawa ta zama masaukinsa na wajen wata ashirin. Daga nan ya je Adamawa, ya ga Kogin Binuwai a mahaɗarsa da Faro ranar 18 ga Yuni, 1851, amma Lamiɗo Lawal ya kore shi daga Yola bayan 'yan kwanaki, domin ya zo da takardar Barno a lokacin da ake jayayyar iyaka. Ya je Kanem, ya je Bagirmi inda har aka sa masa mari na ɗan lokaci. A Kukawa kuma ya sami jerin sunayen sarakunan Barno da labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma wanda Imam Ahmad ibn Furtu ya rubuta.

Akwai tabo guda a wannan zama wanda bai kamata a tsallake shi ba. A ƙarshen 1851 shi da Overweg sun bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, alhali sun san farautar bayi aka fita. Ya ga an ƙone ƙauyuka, an kwashe mata da yara, an karkashe maza manya. Ya rubuta duk abin da ya gani ba tare da ragi ba, ya kuma kare kansa da cewa ba wata hanyar ganin ƙasar sai wannan. Masu yaƙi da bauta a Ingila ba su karɓi uzurin ba, kuma da wuya a ce ba su da hujja, tun da wanda aka aiko don kashe cinikin bayi ne aka gani a cikin rundunar masu kamu.

Overweg, wanda ya haɗa jirgin nan ya shiga Tafkin Chadi da shi, ya rasu a bakin tafkin a Satumban 1852. Ya bar yara biyu da ya fansa ya 'yanta, wato Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, ɗan ƙabilar Margi. Barth ya ɗauke su, suka zama abokan tafiyarsa tare da amintaccen baransa Muhammadu, mutumin Gatrun.

1.4 Sakkwato, Gwandu da Tambutu

Maimakon ya juya gida, sai ya fuskanci yamma a Nuwamban 1852. Ya bi ta Damagaram da Katsina, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Afrilun 1853, ya sami takardar amana ga fataken Ingila. A Wurno da Sakkwato ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A Gwandu Sarki Halilu ya ƙi ganinsa, amma a garin ne aka ara masa Tarikhus Sudan, ya kwafi abin da ya iya cikin 'yan kwanaki. Ta wannan kwafi ne Turai ta fara sanin tarihin daular Sanwai daki-daki, ko da yake ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman as-Sa'adi ne.

Ya ƙetare Kwara a Sayi, ya ratsa ƙasashen da ke ƙarƙashin Fulanin Masina yana cewa shi sharifi ne daga Sham, ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Ba a daɗe ba asirinsa ya tonu. Sarkin Hamdallahi ya aiko a ba da shi, sai babban malamin Kunta, Shehu Ahmad al-Bakka'i, ya tsaya masa, ya kafa hujja da shari'a cewa baƙon da ya shigo da amana ba a taɓa shi. Wata takwas ana wannan ja-in-ja, wani lokaci a cikin gari, wani lokaci a zangon Shehun a bayan gari, su biyun kuma suna tattauna addini da tarihi. A Mayun 1854 Shehun da kansa ya rako shi har Gawo.

Da ya dawo Kano a Oktoba sai ya tarar an daɗe da baza labarin mutuwarsa, har an yi ta'aziyyarsa a Turai, kuɗin da yake sa rai kuwa babu su. Dole ya ci bashi mai ruwa a wurin fataken Gadamus. A cikin wani daji kusa da Bundi, a kan hanyar Kukawa, ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, Bajamushen da aka aiko neman ayarin. Rabonsa da ganin Bature ya fi shekara biyu. Shi Vogel ɗin an kashe shi a Wadai a 1856.

1.5 Komawa ta Hanyar Bilma

A Mayun 1855 ya bar Barno tare da ƙaramin ayarin Tubawa, a tsakiyar bazara, lokacin da fatake suke gudun hanyar. Wannan hanya ta fi ta Abzin gajarta, amma ta fi ta tsanani. Daga Ngigmi ana shiga tuddan rairayi, a bi ta Agadem da Dibbela zuwa Bilma, sannan a miƙe arewa zuwa Fezzan. Ita ce babbar hanyar da ake kora bayi zuwa Tarabulus, kuma tun zamanin Denham da Clapperton matafiya suke ba da labarin ƙasusuwan mutane a kewayen rijiyoyinta. Saboda zafi da tsoron mahara, yawancin tafiyar da dare aka yi ta. Ya isa Murzuk a Yuli, ya shiga Tarabulus a ƙarshen Agusta, ya sauka Landan ranar 6 ga Satumba, 1855, bayan tafiyar da ta kai wajen mil 10,000.

1.6 Rubuce-rubucensa da Ƙarshen Rayuwarsa

Ya fitar da labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci, mai suna Travels and Discoveries in North and Central Africa. Littafin bai yi kasuwa kamar na David Livingstone da ya fito a lokaci guda ba, domin cike yake da sunayen garuruwa da zangon ayari da farashin kaya da jerin sarakuna. Waɗannan abubuwa da suka gundiri masu karatu na wancan zamani su ne masana tarihi suke nema a yau. A ciki ya kawo labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai, ya kuma ɗauki mutanen da ya zauna da su a matsayin masu tarihi da ilimi, abin da ba kasafai Turawan ƙarninsa suke yi ba. Sai dai taswirorinsa da bayanansa sun amfani waɗanda suka zo cin ƙasar bayan shekara arba'in da 'yan kai, ko da bai nufi haka ba.

Malamin da zai yi amfani da rubutun Barth a aji ya kamata ya yi hattara da yadda ya rubuta kalmomin Hausa. Da kunnen Bajamushe ya ji su, a lokacin da ba a daidaita ƙa'idojin rubutu ba, babu kuma haruffa masu lanƙwasa, saboda haka sau da yawa sai an yi nazari kafin a gane kalmar da yake nufi.

Dorugu da Abbega sun zo Ingila tare da shi. Ya yi niyyar mayar da su gida, amma suka zauna wurin James Frederick Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa, abin da ya haddasa saɓani mai zafi tsakanin Jamusawan biyu. Daga bakin Dorugu Schön ya sami yawancin abin da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 a kai, da kuma labaran da ke cikin Magana Hausa na 1885, inda Dorugu ya ba da tarihin rayuwarsa da yadda ya ga wannan tafiya da idonsa. Abbega ya zama sarkin Lakwaja daga baya, Dorugu kuwa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Ingila ta ba Barth lambobin girma, amma dangantakarsa da hukumominta ta yi tsami. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda gwamnati ta yi watsi da alkawarin zumuncin da ya ƙulla da Shehu al-Bakka'i. Ya koma Balin, ya ci gaba da tafiye-tafiye a Turkiyya da ƙasashen Balkan, aka ba shi muƙamin farfesan labarin ƙasa a 1863, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Bai taɓa aure ba. Aikinsa na ƙarshe shi ne kwatanta kalmomi da nahawun harsuna tara, cikinsu har da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci da harshen Sanwai, wanda ya fara fitowa a 1862. Ciwon ciki ya kashe shi a Balin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, kafin ya kammala aikin. Kashi na uku na littafin ya fito a 1866.